Darasi na 7: Ruwan da ke sanyaya injin jirgi

A nan Maradi kowa ya san injin ban ruwa na lambu, amma ba kowa ya taɓa riƙe injin jirgin ruwa ba. Gulbin Maradi sai da damina yake kawo ruwa, masuntan tafkin Madarunfa kuma akasarinsu da sanda suke tura kwalekwale. Duk da haka akwai ƴan uwanmu da ke zuwa cin rani Gaya da Yamai da bakin Tafkin Cadi, inda maigida zai damƙa wa mutum inji, irin Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 40, ya ce amana. Wannan darasi domin su ne.

Mota tana da lagireto, tana yawo da ruwanta. Injin jirgi ba ya da shi, ruwan da yake tafiya a kai shi yake sha. A ƙasan ƙafar inji, kusa da farfela, akwai ƴan ƙofofi masu raga. Ta nan ruwa ke shiga. Sama da su kaɗan akwai famfo, cikinsa da wata ƴar fanka ta roba mai fukafukai. Ita ce ke tura ruwa cikin bututu har kan inji, ya zagaya inda wuta ke ci, ya kwashe zafi ya fita. Ɗan kaɗan daga cikin ruwan yana tsartowa ta wani ƙaramin rami a gefen inji. Mu a darasin nan za mu kira shi fitsarin inji, don kada sunan ya ɓace wa kowa.

Da ka tada inji, kafin ka kwance igiya, waiwaya ka dubi fitsarin. Kana cikin tafiya ma ka riƙa waiwayawa. In yana fita da ƙarfi, lafiya lau. In yana ɗiga, ko ya ɗauke, ko tururi ne ke fita maimakon ruwa, kashe inji nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa gaɓa. Inji mai zafi ƙarfinsa yakan ragu, fentin kansa ya ƙone, daga nan fistan ya kame, kuma kuɗin wannan gyara ya ninka na fankar roba sau da yawa.

Ka fara bincike daga abu mai sauƙi. Ɗaga ƙafar inji ka duba ragar. Sau tari leda ce ta manne, ko kainuwa, ko guntun koma. Cire, ka wanke laka. In raga fes take, koma kan ƙaramin ramin. Injin da ya yi watanni a jingine cikin ɗaki, zanzaro yakan shiga ramin ya yi gininsa na laka, mutum ya tada hankali a banza yana zaton famfo ya mutu. Zura zaren fatsa mai kauri ka motsa. Kada ka sa ƙusa, tana huda tiyo.

In ka yi duk wannan ruwa bai zo ba, to magana ta koma kan fanka.

Abu biyu ke kashe ta. Na farko yashi. Ruwanmu na nan mai laka ne, da rani kuma yakan janye har ƙafar inji ta riƙa sharar ƙasa. Yashin da famfo ya zuƙa yana cin roba kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. In ka shigo wuri marar zurfi, ɗaga inji ka kama sanda. Na biyu, wanda ya fi muni, shi ne tada inji a tudu. Ruwa ne man robar nan. In ta juya a bushe, ko minti ɗaya ba ta yi za ta ƙone. Akwai masu tada inji a tsakar gida don mai saye ya ji ƙara. Ni dai in aka yi mini haka, na san sai na sayi sabuwar fanka, kuma sai an rage mini kuɗinta. Mai son gwaji a gida ya cika tano da ruwa, ya tsoma ƙafar inji har ruwa ya haye faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela da kamar taƙi guda, giya a firi, ba tare da taka wuta ba.

Ga yadda ake canza ta. Zare kawunan buji tukuna don kada inji ya tashi. Shimfiɗa buhu mai tsabta, duk abin da ka kwance ka jera shi bi da bi, na farko a hagu. Raba sandar giya daga mahaɗinta, kwance notocin da ke riƙe da ƙafa, ka jawo ta ƙasa a hankali. In ta ƙi, akwai notin da ya ɓuya maka, kada ka sa guduma. Za ka ga doguwar sanda a tsaye, gidan famfo yana gindinta. Kwance shi ka zare fankar. A jikin sandar akwai ɗan ƙaramin ƙarfe, galibi mai siffar rabin wata. Shi ke kama fanka. In ya faɗa cikin rairayi ka shiga uku, sandar za ta yi ta juyawa fanka tana zaune.

Dubi tsohuwar da kyau. Mai lafiya fukafukanta suna da laushi, in ka lanƙwasa su koma. Wadda ta gaji sun ƙage a karkace, ko sun tsattsage. In wani fiffike ya gutsure, sai ka nemo guntun, domin yana can cikin bututu yana jiran ya toshe hanya. Shafa yatsa a farantin ƙarfen da ke ƙarƙashinta da cikin gidan famfo. In ka ji zane mai zurfi, su ma a canza, haɗe da gaskit, shimfiɗar da ke hana yoyo. Tafi kanti da tsohuwar fankar, ka kuma rubuta lambar da ke jikin injin a takarda, don fanka tana kama da fanka amma ba ɗaya ba ce.

Wajen mayarwa, shafa wa sabuwar ruwan sabulu. Kana danna gidan famfo ƙasa, kana juya sandar yadda hannun agogo ke tafiya, fukafukan za su kwanta da kansu ta fuskar da ta dace. Shafa giris a haƙoran kan sandar, amma kada ka shafa a saman kanta. Wajen mayar da ƙafa, lura bututun ruwa ya faɗa bakinsa daidai kafin ka ɗaure. Daga nan sai gwaji a tano.

A kan yawancin injuna akwai wani ɗan ƙyaure da ake kira tamostat, wanda ke buɗewa in ruwa ya ɗau zafi. Ana gwada shi cikin tukunyar ruwan zafi: mai lafiya yana buɗewa tun ruwa bai tafasa ba. Wasu sukan cire shi su yar, wai ƙasarmu da zafi. Kuskure ne, inji mai sanyi fiye da kima yana shan mai yana baƙanta buji.

Bayan aiki a bar inji a tsaye ruwa ya tsiyaye, kuma ko za a kwantar da shi kada ƙafa ta fi kai tudu.

Littattafan injuna da yawa suna cewa a duba fanka bayan awa 100 na aiki, ko sau ɗaya a shekara. A ruwa mai yashi gara a riga lokacin. To, mu ɗauki alli. In inji yana aiki awa 4 kullum, kwana nawa zai yi kafin ya cika awa 100? In awa 5 ne fa? Kowa ya rubuta amsarsa a allo, a ƙarƙashinta kuma ya rubuta waɗannan kalmomi sau uku uku: raga, famfo, fanka, tano.