Yadda ake raba toka da zare a dagwalon masana'antar takarda

Masana'antar da ke sake sarrafa tsohuwar takarda tana fitar da dagwalo mai yawa. A cikinsa akwai gutsattsarin zaren takarda, da tawada, da ma'adinan da aka zuba wa takarda tun farko don ta yi fari da santsi, wato alli da farin yumɓu na kawolin. Waɗannan ma'adinan su ake kira toka, domin su ne ba sa cin wuta. A haɗe zare da toka ba su da kasuwa sosai, amma in an raba su kowanne da mai sayensa.

Da farko a auna. A busar da ɗan samfuri a zafin digiri 105 na ma'aunin Celsius, a ɗora a sikeli, sannan a ƙona shi a digiri 525. Abin da ya rage shi ne tokar. In aka ƙara wuta zuwa 900, allin zai rasa kashi 44 cikin ɗari na nauyinsa, daga nan a gane yawansa. Wanda ya tsallake awon nan, injin da zai saya ma caca ce.

Sai a tsinka dagwalon da ruwa sosai, kamar kilo ɗaya na busasshen kaya cikin lita 100. A tura shi cikin mazurarin da ke juya ruwa da ƙarfi, yashi da ƙananan ƙarafa su faɗa ƙasa.

Wanki shi ne babban aikin. Ana kwarara ruwan a kan rariya mai ƙananan idanu wadda aka jingine a karkace. Kamar tatar gasara ne: zare ya tsaya a sama, ma'adinai su bi ruwa su wuce. Tata ɗaya ba ta isa, sai an ƙara ruwa an maimaita. Sai dai kowace tata tana tafiya da ɗan zare, don haka kada a nace sai an ga toka ta ƙare ƙaf. In tawada ta yi yawa, a sa sabulu a busa iska, ta taso da kumfa a kwashe.

Zaren da aka samu a matse shi. Gajere ne, ba ya yin takardar rubutu, amma yana shiga kwali da kiret ɗin ƙwai.

Shi kuwa farin ruwan da ya wuce rariya, a bar shi ya kwanta, a matse lakar, ruwan ya koma tankin tsinkawa. A gasa lakar tsakanin digiri 700 zuwa 750. A nan ragowar zare ke ƙonewa, kawolin kuma ya zama garin da ake gaurayawa da siminti. A garin Duiven na ƙasar Holan an gina masana'anta musamman don gasa dagwalon takarda ya zama irin wannan garin. A kula da wuta: in ta zarce 800, allin zai koma farar ƙasa mai cin hannu, sai ma'aikata sun sa safar hannu da tabarau kafin su taɓa.