Yadda Ake Magance Koren Ruwa a Akwatin Kifin Ado

Idan ruwan akwatin kifi ya koma kore shar, har ba a iya hango kifin sai ya matso jikin gilashi, abin da mutane da yawa suke yi shi ne su kwashe kifin, su zubar da ruwan duka, su wanke akwatin tas. Wannan wahala ce da ba ta biyan buƙata, domin koren yakan dawo cikin ɗan lokaci, kifin kuma ya jigata a banza. Abin da ke rina ruwan wata irin gansakuka ce mai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya iya rarrabewa, waɗanda ke yawo a cikin ruwan maimakon su manne a jikin gilashi. Abu biyu ne ke raya ta: haske mai yawa, da takin da take samu daga kashin kifi da ragowar abincin da ya ruɓe. Muddin waɗannan biyun suna nan, ko kaɗan ta rage za ta sake cika akwatin.

Mataki na farko shi ne a tabbatar da irin gurɓacewar. A ɗebi ruwan a kofin gilashi, a ɗora a kan farar takarda. Idan kore ne, gansakuka ce. Idan fari-fari ne kamar an ɗiga madara, musamman a sabon akwati, ƙwayoyin bakteriya ne suka yawaita, kuma sukan lafa da kansu cikin 'yan kwanaki idan aka rage abinci aka yi haƙuri. Idan kuwa datti ya kwanta a gindin kofin bayan ɗan lokaci, ƙurar tsakuwar da ba a wanke sosai ba ce.

Mataki na biyu shi ne a rage dattin da ke ƙasa. A sa siririyar mesa a zuƙe kashi da ruɓaɓɓen abinci daga cikin tsakuwa, a cire matattun ganyaye, sannan a canja kimanin kashi 30 cikin 100 na ruwan. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, sinadarin tsaftace ruwa da ke cutar da kifi, don haka a zuba masa maganin kashe kulorin da ake sayarwa a wurin masu kayan kifi, kuma ɗuminsa ya yi kusa da na akwatin. Soson matatar ruwa kuwa a ɗauraye shi a hankali cikin ruwan da aka kwaso daga akwatin, ba a bakin famfo ba, kuma ba da sabulu ba. A cikin wannan soso ne bakteriya masu amfani suke zaune, su ne ke mayar da amoniya, wadda guba ce ga kifi, zuwa naitiret mai sauƙin illa. Wanda ya kashe su ya ƙara wa gansakuka abinci, ya kuma jefa kifinsa cikin haɗari.

Mataki na uku, wanda shi ne ginshiƙin aikin, shi ne a hana akwatin haske gaba ɗaya na kwana uku zuwa huɗu. A kashe fitilarsa, a rufe dukkan ɓangarorinsa da kwali ko baƙin yadi mai kauri, har da sama, ta yadda ko hasken ɗaki ba zai shiga ba, amma a bar 'yar kafa domin iska. A cikin waɗannan kwanaki a daina ba da abinci. Wannan yakan yi wa mai kifi nauyi a zuciya, amma babban kifi mai lafiya yana jure kwana huɗu babu ci ba tare da wata illa ba.

A nan ne ya kamata a fi yin hattara, domin haɗarin da ke cikin aikin ba yunwa ba ce, ƙarancin iska ne. Gansakuka tana sakin iskar shaƙa ne idan akwai haske. A cikin duhu ita ma shaƙa take yi, idan kuma ta mutu ruɓewarta tana ƙara cinye iskar da ke cikin ruwan. Saboda haka dole ne matata da injin hura iska su ci gaba da aiki dare da rana. Wanda yake zaune inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a ganina kada ya fara wannan mataki sai ya tanadi ƙaramin injin iska mai batir. Haka nan a watannin zafi na bazara, lokacin da ɗaki ke ɗaukar zafi sosai, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, kuma bargo mai nauyi yana ƙara tsare zafin, don haka kwali ya fi dacewa. Sau ɗaya a rana, a ɗaga murfin kaɗan a leƙa. Idan aka ga kifi sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, a yaye rufin nan take, a canja wani kaso na ruwan.

Mataki na huɗu, bayan kwanakin sun cika, a buɗe akwatin a hankali, a sake canja kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwan domin fitar da gansakukar da ta mutu, a kuma saka farar audugar tacewa a cikin matata, a riƙa sauya ta duk lokacin da ta yi kore.

Mataki na biyar shi ne gyara abin da ya jawo matsalar tun farko. Idan rana tana haska akwatin kai tsaye ta taga, a sauya masa wuri ko a sa labule mai kauri. Fitila kada ta wuce awa shida zuwa takwas a rana. Abinci a ba da abin da kifi zai cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, kuma a faɗa wa yaran gida haka, domin sau da yawa kowa yana zubawa ba tare da sanin ɗan'uwansa ya riga ya zuba ba. A duba yawan kifin ma: jan kifin ado da ake kira goldfish yana da yawan kashi, kuma ba ya dacewa da ƙaramin akwati. Duk mako a canja kusan kwata na ruwan. Mai kayan gwaji ya tabbata amoniya tana kan sifili, naitiret kuma ƙasa da miligiram 40 a kowace lita. Yana da kyau a gwada ruwan rijiya ko na burtsatse shi ma, domin wani yakan zo da naitiret tun daga tushe.

Kainuwa tana taimakawa ƙwarai, domin tana tsotse takin da gansakuka ke buƙata, tana kuma yi wa ruwan inuwa. Sai dai idan daga kududdufi aka ɗebo ta, a wanke ta sosai, a ajiye ta a wani bokiti na mako biyu kafin a saka, kuma kada a bari ta rufe saman ruwan duka.

Magungunan kashe gansakuka ba na ba da shawarar su: suna kashe ta a lokaci guda, iska ta ƙare, waɗanda ke ɗauke da sinadarin jan ƙarfe kuma suna hallaka dodon koɗi da jatan lande. Idan koren ya dawo bayan duk an bi waɗannan matakai, abin da ya fi tabbas shi ne na'ura mai fitilar UV (wani irin haske mai kashe ƙwayoyin cuta), wadda ruwa ke ratsawa ta cikinta haskenta ya kashe ƙwayoyin, kuma yawanci takan washe ruwan cikin mako guda. Fitilar a rufe take cikin bututu, kuma kada a taɓa kunna ta a buɗe, domin haskenta yana cutar da ido da fata.