Binciken da ake yi kafin a biya kuɗin gida a bayan garin Akra

Haya ta yi tsada a Nima, Mamobi da Madina, shi ya sa jama'armu ke fita Amasaman, Pokuase, Oyibi da Kasuwa (Kasoa) neman gidan kansu. A irin waɗannan wurare ne kuma ake sayar wa mutum biyu ko uku fuloti ɗaya. Ganin gini tsaye da fenti da mitar wuta ba ya nuna ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta mai sayarwa ce, kuma in an je kotu ƙasar ake tambaya.

Fara da awo, kuma kada ka dogara da taswirar da mai gida ko dillali ya miƙo maka. Ɗauki safiyo, wato ma'aunin filaye, mai lasisi da kuɗinka, ya je ya auna kusurwoyin gidan, ya fitar da sabuwar taswira, a gwada ta da wadda ke cikin indenca, wato takardar mallakar filin. Nan ake yawan cutar mutane. Sai a ba ka taswirar wani fuloti marar rigima da ke can gefe, ka kai ta bincike, sakamako ya fito fes, alhali gidan da aka nuna maka yana kan filin wani.

Taswirarka za ka kai Hukumar Filaye, wato Lands Commission, a Cantonments, ka nemi bincike a rubuce. Gidan da ke Kasuwa yana yankin Central ne, don haka ofishin wancan yanki ke riƙe da bayanansa. Sakamakon zai nuna sunan da ke rajista, da ko gwamnati ta taɓa karɓe filin, da jingina ko hukuncin kotu in an shigar da su. In ya fito babu komai a rubuce, kada ka yi murna tukuna, ma'anarsa ba wanda ya yi rajista. Sai lauyanka ya bi takardun hannu zuwa hannu har ya kai ga sarki ko dangin da suka fara ba da filin, ya tabbatar shugaban dangin da dattawansa ne suka sa hannu, ba wani ɗan gida da ya yi gaban kansa ba.

Duba shekarun da suka rage. Dokar Filaye ta 2020 ta hana mallakar har abada a ƙasar sarauta da ta dangi. Abin da ake bayarwa haya ce mai tsawo, galibi shekara 99 ga ɗan Gana, kuma in an ba mai gida a 1995, ragowar kawai kake saye. Wanda ba ɗan ƙasa ba, kamar 'yan'uwanmu fatake daga Nijar da Najeriya, tsarin mulkin 1992 bai ba shi fiye da shekara 50 a lokaci guda ba.

Sai maganar wanda ke da ikon sayarwa, wadda mu muka fi sakaci da ita saboda kunya da amana. Gidan gado, ko malamai sun raba shi bisa shari'a kowa ya yarda, sai ka ga takardar kotu da ta naɗa masu kula da dukiyar mamacin, da takardar da suka miƙa gidan ga magajin da ke sayarwa. In babu su, wani ɗan marigayi da ke Jamus zai iya dawowa bayan shekaru ya kai ka ƙara. Haka nan gidan da aka saya a cikin aure, doka ta ce ba a sayar da shi sai da yardar miji ko mata a rubuce. Neman sa hannun uwargida ba raini ba ne ga Alhaji, dokar ce ta buƙata. Duba Ghana Card ɗin kowa, sunan ya zo daidai da na indenca.

Lauya ya leƙa Babbar Kotu ko akwai shari'a kan filin, ya bincika rajistar jingina ta Babban Bankin Gana. A asambili, wato ofishin ƙaramar hukuma, a tambayi izinin gini da bashin harajin gida, da ko wurin hanya ce a tsarin gari, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki na kamfanin GRIDCo. Irin waɗannan gidaje ake shafa wa jan fenti a rushe.

Ka koma unguwar kai kaɗai, ba tare da dillali ba, in da hali bayan ruwan sama na watan Yuni. Tambayi maƙwabta da limamin masallacin kusa: wa ya gina, an taɓa rigima, 'yan langad, wato 'yan daban da ke gadin filaye, na zuwa karɓar kuɗi? Wanda zai sayi gida ƙasan madatsar Weija ya tambayi inda ruwa ke kaiwa in an buɗe ta.

Kafin alƙalami kada ya fita sai da yarjejeniya a rubuce cewa za a mayar da shi in bincike ya nuna matsala. Biya ta banki, a kashi-kashi, kason ƙarshe ranar da aka sa hannu aka ba ka makulli da takardun asali. Lauya kaɗai doka ta yarda ya rubuta indenca. Biya harajin hatimi ba jinkiri, domin kotu ba ta karɓar takardar da ba a buga wa hatimi ba, sannan ka shigar da rajista da sunanka, ka tare ko ka sa wani amintacce a gidan yayin da kake jiran satifiket.