Yadda ake sauka a ƙaramin filin jirgi marar hasumiyar kula da jirage

Masu tuƙa ƙananan jiragen kansu sun yawaita tambayata a kan wannan. Ga yadda nake so ku yi:

1. Kira mai kula da filin tun kana gida, ka nemi izini.
2. Tambaye shi halin titin: ramuka, ciyawa, taɓo in damina ce.
3. Cika tankinka da man zuwa da na dawowa. Irin waɗannan filayen ba kasafai suke ajiye Avgas, man ƙananan jiragen sama, ba.
4. Lissafa tsawon titin da kake buƙata. Hattara: a zafin Afrilu iska ba ta da kauri, jirgi yakan ci titi mai tsawo kafin ya tashi. A nan aka fi yin kuskure.
5. Sanar da zuwanka a rediyo ko ba mai amsawa.
6. Ratsa saman filin a tsayin ƙafa 1,500 daga ƙasa, ka duba ƙyallen nuna iska.
7. Sauko zuwa ƙafa 1,000, ka kewaya ta hagu.
8. Ka ga shanu ko yara a titi? Kada ka yi gardama, ƙara wuta ka sake kewayowa.
9. Bayan ka sauka, ɗaure jirgin ka sa wa tayoyin waigi.