Kafin Ka Sayi Detandar: Kurakuran Sabon Mai Nutso

Bara ɗan yayata ya dawo daga Kwatano da jakar kayan nutso, ya ce a gwanjo ya samu da araha. Ina lanƙwasa tiyon detandar, wato na'urar da mai nutso ke shaƙar iska da ita a ƙarƙashin ruwa, sai ga tsaga jere a jikin robar, bakin ƙarfen kuma ya yi kore saboda gishiri. Na ce masa, ɗana, wannan ba za ta shiga bakinka ba. Teku ta yi wa Maraɗi nisa, amma yaranmu na zuwa Lome da Dakar da Masar, wasunsu kuma suna koyon nutso, shi ya sa abin ya dame ni.

Detandar sunanta ɗaya da kan butalin gas na girki. Iskar tukunyar da ake goyawa takan kai matsin bar 200. Kashin farko, wanda ake ɗaurawa a kan tukunya, yana sauke shi zuwa wajen bar 10, na baki kuma ba ya sakin iska sai ka ja numfashi. Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka haɗa ta a Faransa a 1943.

Babban kuskure shi ne saye kafin koyo. Ka fara horo a makarantar da ke bin tsarin CMAS ko PADI, ƙungiyoyin koyar da nutso na duniya, ka yi numfashi da kayan hayarsu iri biyu ko uku, sannan ka san wadda ta zauna maka a baki ba tare da ka cije ta ba.

Sai wanda ya fi shafarmu, wato zaɓen suna ba tare da tambayar mai gyara ba. A cikin na'urar akwai zobunan roba da matatar iska da suke mutuwa ko ba ta taɓa ruwa ba, kuma akan so a kwance ta a sauya su duk shekara ɗaya ko biyu, gwargwadon umarnin kamfani. Scubapro, Aqualung, Mares, Apeks, duk sanannu ne, amma wacce ce ke da ƙwararren mai gyara da kayan canji a garin da kake nutso? Ita za ka saya. In ta hannu ce, a kai ta wurinsa ya gwada kafin kuɗi ya fita aljihu, ka kuma lissafa ladan gyaran cikin farashi. Sau da yawa a nan ake gane araha ba ta ado.

Ka duba mahaɗinta da tukunya, iri biyu ne: DIN da étrier. DIN murɗa shi ake yi cikin bakin tukunya, yana ɗaukar har bar 300. Étrier maƙala shi ake yi daga waje, iyakarsa bar 232. Mai DIN ya riƙe ƙaramin adafta na étrier a jaka, ya huta. Ka nemi tambarin EN 250, wato shaidar inganci ta Turai, a jikinta. Kada ka ƙara kuɗi don ta ruwan sanyi, an yi ta ne domin ruwan da bai kai digiri 10 ba. Kuɗin nan ya tafi ga baki na biyu mai tiyo ruwan ɗorawa, wanda za ka miƙa wa abokin nutso in iskarsa ta ƙare, da agogon da ke nuna sauran iska.

Ajiya a gida ma tana cin mutane. Zafin bazara na busar da roba, ƙurar hunturu na shiga ko'ina. Ka toshe bakin kashin farko da murfinsa kafin ka ɗauraye ta da ruwan daɗi, kada ka danna maɓallin gaba tana cikin ruwan, ta bushe a inuwa, a ajiye ta a rufaffiyar jaka cikin ɗaki, ba bayan mota ba. Kada a shafa mata basilin ko man inji.

Ɗan nawa ya so mu cika tukunya wurin mai faci, mu gwada a tafkin Madarunfa. Iskar injin faci na ɗauke da turirin mai, wani sa'in har hayaƙi mai kisa, kuma matsinta ma bai kai ba. Oksijin na asibiti shi ma haɗari ne, domin da an wuce mita 6 yana iya jefa mutum cikin farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa. Yanzu detandar ɗin tana hannun mai gyara a Dakar, muna jiran ya faɗa mana ko za ta tashi.