Matakan Gasar Ƙirga Tsuntsaye a Kan Keke Lokacin Hunturu

Da farko, ka duba birki da fitila tun dare, domin a New York rana kan faɗi da misalin ƙarfe 4:30 a watan Disamba.

Da asuba ka sa safar hannu mai kauri, ka nufi tafkin da bai daskare ba, inda agwagin ruwa ke taruwa. A ganina nan ake cin gasar. Ka jingine keken, ka tsaya shiru har hucin numfashinka ya daina rufe gilashin madubin hangen nesa, sannan ka duba.

Kowane nau'i sau ɗaya ake ƙirga shi. Ka shigar da shi nan take a eBird, manhajar waya da ake rubuta tsuntsayen da aka gani a cikinta, ka mayar da wayar aljihun ciki, saboda sanyi na cinye caji.