Yadda Ake Rubuta Gwajin Tiriga a Salesforce Wanda Zai Kama Kuskure da Gaske

Salesforce, manhajar da kamfanoni ke ajiye bayanan abokan cinikinsu a cikinta, ba ta yarda a ɗora kod ɗin Apex, wato harshen da ake rubuta mata umarni da shi, a kan tsarin da kamfani ke aiki da shi sai gwaji ya ratsa aƙalla kashi 75 cikin ɗari na layukansa, kuma dole kowace tiriga, wato kod ɗin da ke tashi da kansa idan an saka ko an gyara bayani, ta samu gwajin da ya taɓa ta. Wannan sharaɗi ya sa wasu masu rubuta manhaja suke saka bayani ɗaya tak a rumbun bayanai, su ga adadin ya cika, su rufe kwamfuta. Irin wannan gwaji bai tabbatar da komai ba, kuma mai kamfani ne zai ɗauki asarar ranar da lissafi ya karkace.

Mu ɗauka wani kamfani yana rarraba shinkafa da man girki daga Garwa zuwa Marwa da Kuseri, kuma yana da tirigar da ke hana sabuwar oda idan bashin ɗan kasuwa ya haura sefa 500,000.

Da farko ka buɗe ajin gwaji mai alamar @isTest, ka gina 'yan kasuwarka da basussukansu a cikin @TestSetup, sashen da ke shirya bayanai kafin gwaji ya fara. Tun daga sigar API ta 24 a shekarar 2012, gwaji ba ya ganin bayanan kamfani na ainihi sai an buɗe masa da SeeAllData=true, kuma shawarata ita ce ka bar wannan ƙofa a rufe, domin gwajin da ya jingina da bayanan yau zai faɗi gobe idan wani ma'aikaci ya gyara su. Duk abin da ka saka ana share shi bayan gwajin ya ƙare.

Sai ka sanya aikin da kake gwadawa tsakanin Test.startTest() da Test.stopTest(), sannan ka sake ɗauko bayanin daga rumbu ka gwada shi da abin da kake tsammani ta hanyar Assert.areEqual. Sake ɗaukowar wajibi ne, saboda abin da ke hannunka bai san canjin da tiriga ta yi ba.

Bayan nan ka gwada odar da ya kamata a ƙi. Ka yi amfani da Database.insert tare da false, wanda ke sa gwajin ya ci gaba ko an ƙi odar, domin ka duba cewa isSuccess ya dawo da false, alamar ba ta shiga ba, kuma saƙon da ya fito shi ne wanda ka rubuta a addError, umarnin da tiriga ke ƙin oda da shi. Kada ka manta da ɗan kasuwar da bashinsa ya tsaya daidai kan 500,000, tunda a bakin iyaka ake yawan yin tuntuɓe.

Mataki mafi muhimmanci a wurinmu shi ne gwaji da yawa a lokaci guda. A nan arewacin Kamaru intanet yakan yanke, wakilai su tara odojin yini a takarda ko a Excel, sannan a loda su gaba ɗaya da Data Loader, manhajar loda bayanai da yawa cikin Salesforce, idan layi ya dawo. Salesforce tana miƙa wa tiriga bayanai ɗari biyu-biyu, kuma a aiki ɗaya ba ta yarda a wuce tambayoyin SOQL 100 (na ɗauko bayani daga rumbu) ko umarnin DML 150 (na sakawa, gyarawa ko sharewa) ba. Tirigar da ke tambayar rumbu a cikin zagaye, wato sau ɗaya ga kowace oda, za ta yi lafiya lau da oda ɗaya, amma ta tsaya cak a ta 101. Saboda haka ka saka oda 250, ba 200 ba, domin tiriga ta tashi sau biyu. Da haka ne kawai za ka kama matsalar masu sanya alamar static, wadda ke tuna cewa tiriga ta riga ta tashi sau ɗaya, don hana tiriga maimaita kanta, wadda ke sa odoji 50 na ƙarshe su wuce ba tare da an duba bashinsu ba. Ka gauraya masu bashi da marasa bashi a cikin jerin, ka ƙirga waɗanda suka shiga da waɗanda aka ƙi.

Idan wakilin Marwa bai kamata ya ga 'yan kasuwar Kuseri ba, ka maimaita gwajin a cikin System.runAs da matsayinsa.

Kafin ka ɗora, ka lalata tirigar da gangan a filin gwaji, misali ka mayar da iyakar bashin zuwa miliyan biyar, ka sake gudanar da gwajin. Idan ya wuce ba tare da faɗuwa ba, ka koma ka gyara wuraren da ka rubuta Assert, sannan ka mayar da iyakar yadda take.